Majigi a Taura

An rataya farin zane a bangon firamare,
janareto na tari.
Ga Baba Cindo a zanen, ya fi ƙofa tsawo,
ga shi kuma kan tabarma yana ɓare gyaɗa.

Ashe kaset ɗin da muka mance
ya haye teku ba fasfo.
Turawa cike da zaure, ido rufe,
wata har da hawaye.

Ƙoƙon gurmin kuwa, shekara talatin
kaji ke shan ruwa a ciki.

Da aka kashe inji
ya karkaɗe ɓawo daga cinya:
“Waƙar da suke wa kuka,
zambo na yi wa Ilu kan kuɗin jaki.”

Ilu na can baya, ya ja hula.
Har yau bai biya ba.