Rigar da Ba Ta da Hannun Hagu

Fargal, tsohon Baturen da nake ja wa mota,
shekara ashirin da shida yana haƙa rijiyoyi a Garwa.
Rana ta gasa shi ya yi ja kamar nunannen gauta,
yana jin Fillanci, yana cin tuwo da hannu,
amma ran da aka yi ruwa
sai ya fita tsakar gida, ba laima, ya tsaya.

Na ce, Malam, mura fa.
Ya ce, Sallau, ruwanku faɗa yake yi.
Namu raɗa ce, yini guda,
ba ka sanin ana yi sai rigarka ta yi nauyi.
Ƙasarsu tsibiri ce, wai Ailan,
tumaki sun fi mutane,
samari kuwa jirgi ya kwashe su tun kaka da kakanni.

Duk shekara yayarsa Nuwala tana aiko masa rigar ulu,
saƙar hannunta,
zuwa garin da kwalta ke narkewa da bazara.
Ni nake karɓowa a gidan waya.
Sai ya buɗe, ya sunsuna, ya ninke, ya sa a akwati.
Ashirin da biyar na ƙirga, ko ɗaya bai taɓa sawa ba.
Na yi dariya har na riƙe ciki.

Ya ce, to kai fa?
Daddawar da Inna ke aiko maka daga Mirriya,
a bayan motar albasa, kwana shida a hanya,
babu daddawa ne a kasuwar Garwa?

Na yi shiru.
Akwai, tuli guda.
Amma ta Inna da shatin yatsunta a jiki,
kuma tsumman da take ƙunshewa
guntun zanen da ta goya ni ne.

Da yamma mukan zauna bakin Binuwai,
dorina na huci can tsakiya,
shi da shayinsa mai madara, ni da nawa mai ɗaci.
Yakan lissafo 'yan'uwansa da yatsu:
wannan yana Amurka, wannan teku ta ci,
wancan ba sa ga-maciji saboda gonar dankali.
Ni ma in lissafo nawa.
Yatsun ba su taɓa isar mu ba.

Bana ƙunshin ya makara.
Da ya iso ba nauyi kamar kullum.
Riga ce shuɗiya, hannun dama ya cika,
na hagu ya tsaya a gwiwa,
tsinkayen saƙa na nan soke da zaren.
Rubutun da ke takardar na 'yarta ne.

Bai yi kuka ba, ni dai ban gani ba.
Ya zura rigar a tsakiyar Afrilu,
zufa na zuba kamar an kwara masa guga,
ya ce mu tafi aiki, mutanen Pitowa na jiran ruwa.
Yini guda yana bakin rami,
zaren na lilo a gwiwar hannunsa,
yara na kallo, ba wanda ya yi dariya.

A hanyar dawowa ya ce in tsaya.
Rabonka da Mirriya?
Na ce, wannan damina ta bakwai ke nan.
Kuɗin mota, ka sani, da yara, da hanya ba lafiya…
Ya ce, ni ma haka na riƙa faɗa.
Kowace shekara da hujjarta, kuma duk gaskiya ce.

Ya zaro kuɗi, bai ƙirga ba.
Je ka, tun hannun da ke dunƙula daddawar yana motsi.

Gobe da asuba zan bi ta Yola.
Na sayi turmin atamfa da sabulu da ƙwalbar zuma.
Ya ce in na dawo in taho masa da dunƙule ɗaya,
ba don miya ba.
Yana so ya ga yatsun.