Huɗun Babana

A Mirzapur, a shagon dardumar da mahaifina ya bari,
damina ta tsotsi gindin bango,
littafin bashinsa mai jar riga
ya fara warin hatsin da ya kwana a rumbu mai yoyo.
Na ce bari in kwashe shi cikin kwamfuta
kafin gara ta riga ni karantawa.

Haruffanmu a igiya guda suke rataye,
kamar wanki a bakin Ganga,
amma lambobi sun ƙi igiya,
kowacce da ƙafarta take tsayawa.
Ga १, ɗaya, ta naɗe kai ta saki jela.
Ga ८, takwas, laujen da aka jingine.
Ga ४, huɗu, ƙullin zaren da ba a ja ba,
hannu biyu a sama kamar mai roƙon ruwa.

Na ɗauki hoton shafi na miƙa wa na'ura.
Ta dubi huɗun Baba ta ce takwas ce,
ta dubi ɗayarsa ta ce tara,
don da idon baƙi aka raine ta.
Kafin shayina ya huce,
Rafi'uddin masaƙi, da ya karɓi dubu huɗu da ɗari
shekarar da tari ya kwantar da matarsa,
ya koma mai bashin dubu takwas da ɗari tara,
yana can yana ƙulla ulu, bai san an yi ba.

Ƙanena Harendra ya leƙo ta kafaɗata.
"Kumudini, na'ura ba ta ƙarya."
Ya faɗa yana kallon jimilla, ba ni ba.
Na ce ba ta ƙarya,
sai dai ba ta taɓa ganin Baba
yana lasar bakin fensir ba.

A daren na gane cewa akwai wani kundi
da duniya ta zauna ta amince da shi,
inda kowace alama ke da lambar gida.
Sifilinmu, wanda ba shi da komai,
gidansa na dubu biyu da ɗari huɗu da shida.
Ƙofa huɗu gaba, nan huɗunmu take.
Takwas ɗin da aka laƙaba mata kuwa
tana can hamsin da shida, wata unguwa,
cikin jikokinmu da suka yi ƙaura tun tuni,
suka bi ta Bagadaza,
suka dawo da kwat, ba sa gaishe mu.
Kama da wane ba ta wane ba ce.

Sai na ajiye hoto na koma yatsa.
Kwana uku ina bugawa, layi bayan layi,
wuta ta ɗauke sau bakwai, sauro ya ci rabonsa.
Kowace lamba na raka ta har ƙofar gidanta.
Can ƙarƙashi, an ce, duk kunnawa ce da kashewa,
sifili da ɗaya suna ta kai da kawo,
na ce to, ashe ɗan gida ne ke riƙe da ginin.

Ranar Asabar Rafi'uddin ya zo
da kuɗi a ƙulle cikin gefen rawani.
Ya ƙirga a kan tebur, tsofaffin takardu masu laushi,
dubu huɗu, sannan ɗari.
Harendra ya shiga ciki neman abin da bai ɓata ba.

Na juya masa fuskar kwamfuta.
Ba ya karatu, amma ya san huɗu.
Ya ce, "Ta mahaifinki ta fi wannan karkata,
kamar mai sauraron uzuri."
Ya ɗora yatsa a kanta,
yatsan da baba ya rina shekara arba'in,
ya bar ɗan shuɗi a gilashin.

Yau wata biyu ke nan.
Ina goge ko'ina, ban da nan.