Rabin Ƙwaya

Tun da Kawu Ɗanjuma ya baro Batsari
ƙarar babur ke hana shi runtsawa.
Ni ke raba masa ƙwayar biyu da wuƙar albasa
a ɗakinmu na Ƙofar Sauri, bayan lisha.

Na san hanyarta, na zana ta a jarrabawa:
ta narke a hanji, jini ya goya ta,
ta ratsa shingen ƙwaƙwalwa kamar mai a tsumma.
Ba ta yi wa jijiya tsawa.
Mai gadin ƙofa take zunguri,
ya yawaita buɗewa, ɓarin gishiri ya kwarara,
hayaniya ta lafa.

Saura aikin hanta.
Ta sassaƙe ta, ta liƙa mata sukari
don ruwa ya ɗauka, ƙoda ta zubar.
Amma hantar ɗan saba'in ba ta gaggawa;
'ya'yan da ƙwayar ta haifa suna nan har jibi,
sun laɓe cikin kitse.

Shi ya sa da asuba nake riƙe masa buta,
yana tangaɗi, wai ƙasa ce ke motsi.

Likita ta ce sati biyu, a janye sannu.
Na ƙirga, saura huɗu.
Baburan kuwa, ba wanda ya rage su.