Sabon Kunne

Kawu Mani ne ya bar mini gitar nan.
Daga Maraɗi ya shigo da ita ta Jibiya,
naɗe a bargo, a bayan motar albasa.
Ja ce a da. Yanzu ta koma launin tukar goro.
Tsirkiya shida, wuya ya ɗan karkace,
sai kunnuwa biyu na maganaɗisu
kwance ƙarƙashin tsirkiya,
suna jin abin da yatsa ya faɗa
su kai wa lasifika.

Amma tsufa ya mai da su 'yan tsegumi.
Komai ji suke:
janaretan maƙwabci,
fankar sili, ƙwan fitila mai ƙyafce,
wayar wani da ba a ɗaga ba tukuna.
Daren da muka yi wasa a Ƙofar Ƙaura,
kafin in taɓa ta, ta riga ta fara gurnani.
Wani yaro ya ja rigata:
"Rina ce ta yi gida a ciki?"
Aka yi dariya. Ni ma na yi, da rabin baki.

Da safe na ɗauke ta sai Ƙofar Guga,
rumfar Sada mai gyaran rediyo,
inda hayaƙin dalma ke kama maƙogwaro.
Ya ture gawar wata talabijin gefe,
ya aje kwali biyu a kan benci.

"Wannan irin na kawunka ne, ba ya cin komai.
Muryarsa da ɗumi, da ƙaiƙayi a ciki.
Wannan baƙin kuwa batir yake ci.
In ka yi shiru, shiru zai yi.
In ka daki tsirkiya, zai kai ta ƙarshen layi
ko wayarka ta kai igiyar guga tsawo.
Amma in ka kwana ba ka zare waya ba
yana nan yana tsotso har asuba,
wata rana ya shaƙe maka a tsakiyar taro."

Na ce a sa ɗaya nan, ɗaya can.
Ya girgiza kai yana hura bakin ƙarfe:
"Zan iya. Amma ɗaya zai danne ɗaya.
Zaɓi."

Kuɗin kwalin ya kai na buhun gero.
Na ƙirga su a zuci, na ƙirga su a aljihu,
lissafin bai zo ɗaya ba.
Na ce ya ɗora mini a gitar gwaji in ji.

Na buga.
Ba rina, ba fanka, ba maƙwabci.
Ni kaɗai.
A nan na ji ɗan yatsana na uku
yana isowa a makare,
yana jan ƙafa kamar mai sabon takalmi.
Shekara bakwai ke nan yana haka
gurnanin yana rufa masa asiri.

Sada bai ce komai ba.
Ya duƙa yana neman wani kusa da bai ɓata ba.

Da ya kwance tsofaffin,
sai ga tsatsa a gefensu, siffar babban yatsa,
daidai inda kawu ke jingina hannu.
Gumin Zandar, gumin Ɗanmusa,
gumin dare nawa, ban sani ba.
Na sa su a gwangwanin madara,
na rufe da tsumma.

Rabi na biya, rabi sai bayan kaka.

Yanzu in la'asar ta yi sanyi a Rafindaɗi
nakan zauna a zaure in maimaita layi guda
har yatsan ya koyi zuwa a kan lokaci.
Bai koya ba tukuna.
In na gama, in zare waya,
in shafa aljihun gaba:
batir ɗaya na nan, mai kusurwa huɗu,
kusa da kuɗin mashin.