Bakwai Cikin Hamsin

Bayan gidanmu, a tsaunukan Montana,
inda dusar ƙanƙara ke binne shinge har wuya,
Baba ya ɗaga libarba, ya saita gwangwanin wake,
ya ja kunama.
Ƙas.
Ba tau, ba hayaƙi.
Gwangwani na zaune daram a kan kututture.

"Kar ki motsa, Marnie. Ƙirga talatin.
Wani harsashin nawa gare shi,
sai ka gaji ka leƙa, sannan ya tuna da aikinsa."
Muka ƙirga, numfashinmu na fita fari fat.
Shiru.

Shekara arba'in da ɗaya yana ɗura harsashinsa da kansa.
Kwanson tagulla, albarushi a kan sikeli, kan dalma,
sai ɗan ƙyastun nan da ake cusawa a gindi,
bai kai ƙwayar masara ba,
amma idan bai tashi ba, kowa ya kwana.
A kan kowane kwali ya rubuta: Orval Tveit, da kwanan wata.
Ban taɓa jin nasa ya ƙi magana ba.
Ran nan bakwai suka ƙi, cikin hamsin.

A gareji ya fara neman mai laifi.
Ya ce kamfani ne, yanzu sai ha'inci.
Ya ce danshi ne, ya shinshina kwalin,
kwali a bushe ƙayau kamar ranar da aka saye shi.
Ya ce ko maiƙon yatsa ne ya taɓa su.
Ya kwance bindigar, ya duba allurarta a gaban fitila,
ya zargi sifirin, ya sa sabo.
Muka koma waje. Ƙas.
Ya sake bugun wannan ɗin dai,
tau!
Gwangwani ya yi tsalle, kare ya ruga ƙarƙashin mota.
Baba bai yi murna ba.
Wanda ya tashi a bugu na biyu, ai da ransa tun farko.

Da daddare, bayan ya kwanta,
na jera sauran a kan gilashin tebur, a tsaye.
Wasu suka tsaya ƙyam.
Wasu na rawa, kaɗan, kamar kujera mai gajeriyar ƙafa.
Na shafa gindinsu da ɗan yatsa,
sai na ji tudu inda ya kamata in ji kwari.
Ƙyastun bai kai ƙasan raminsa ba.
Bugun farko tura shi yake yi,
na biyu ne ke kunna shi.
Kayan lafiya lau.
Babban yatsan da ya danna su ne ya gaji.

Wannan yatsan ne ya ɗaure mini igiyar takalmi,
shi ya riƙe kan maraƙi a daren da saniya ta wahala.
Tun kaka nake buɗe masa kwalbar zuma,
muna yi kamar murfin ne mai taurin kai.

Na ɗauki littafinsa don in ga lambar kwalin.
A shafin ƙarshe, da rubutu mai karkarwa,
tun sati uku da suka wuce:
"Ba na jin zamansu a hannuna."

Da safe ban ce komai ba, shi ma haka.
Gahawa ta huce a kofi biyu.
Ya ware masu rawar nan gefe, ya ce ba a danna ɗurarre,
sai an kwance shi tukuna.
Sannan ya turo mini matsin, da kwanson da ba kome cikinsa.
"Danna har ki ji ya taɓa ƙasa. Kar ki wuce nan."
Na danna. Na miƙa masa.
Ya rufe ido, ya shafa,
ya daɗe yana shafawa.
Ya ɗauki biro, ya jawo sabon kwali,
ya tambaye ni yau nawa ga wata.