Sabon Kwaɗo

Daren Laraba na rufe shago a Tudun Wada,
na bar kwamfuta a kunne tunda akwai wuta.
Ta nemi izini cikin ladabi, wai za ta sabunta kanta,
an gano ɓaraka inda ɓarayi ke kutsowa.
Na ce to.
Wa ke ƙin a toshe masa katanga?

Da safe ta tarbe ni da sabuwar fuska.
Na taɓa tsohuwar manhajata,
wadda Tanimu ya haɗa min a Samaru
shekara goma sha tara ke nan,
ladansa kuɗin mai da ƙullin tsire.
Ta buɗe ido kamar mai tashi daga barci,
ta ƙifta sau ɗaya,
ta faɗi.
Na tashe ta, ta sake faɗuwa.
A na bakwai na daina ƙirga.

Ita ke rataya wa harafi ƙugiyarsa.
In babu ita, baƙi ya koma baki,
ƙasa ta kasa,
ɗa ya zama da, a neme shi a rasa.
Na san akwai sababbi masu yin wannan aiki,
sai dai abin da ta ƙulle a cikinta
ba ya jin kiran kowa sai nata.

Ga Malam Hambali a kan benci,
ya jingine kekensa tun hantsi.
Shafi ɗari biyu da sittin na tarihin marinan unguwarsu,
sunan kowace rijiya, sunan wanda ya haƙa ta,
duk suna cikin cikin wannan da ta suma.
Bai ce komai ba.
Goro kawai ya ɓara, ya miƙo min rabi.

Ilu mai gyara ya iso daga Sabon Gari bayan azahar,
ya yi danne-danne, ya sosa ƙeya.
Ya ce, Baba, lafiyarta ƙalau.
Ta ƙofar baya ta saba shiga,
kuma ta nan ɗin ɓarawo ke bi.
Jiya aka sa kwaɗo,
kwaɗo kuwa bai san ɗan gida ba.
Ko mu cire shi mu kwana a buɗe,
ko mai ita ya zo ya sara mata sabon makulli.

Na ce mai ita ya yi damina shida a ƙarƙashin ƙasa.
Ilu ya ce Allah ya jiƙansa,
ya karɓi kuɗin babur.

Da la'asar na durƙusa ƙarƙashin tebur,
na jawo tsohuwar kwamfutar da na yi wa ritaya,
mai yanar gizo-gizo a haƙarƙari,
wadda ba ta taɓa gaisawa da intanet ba.
Ta yi tari, ta yi gurnani kamar injin markaɗe,
ta ɗauki lokacin da za a dafa shayi,
sannan ga manhajar Tanimu tsaye da ƙafarta,
ƙugiyoyi reras kamar lauje a kasuwar maƙera.

Malam Hambali ya matso da tabarau,
ya nemo sunan kakansa a shafi na tara,
ya shafa gilashin da ɗan yatsa.

A can ƙasan allo akwai ɗan rubutu
da ban taɓa kula da shi ba:
In ta ba ka matsala, kira ni.
Ga lamba a gefe.

Bayan isha na kira.
Wata mata ta ɗauka, ina jin mai yana tafasa a bayanta.
Ta ce awara ta ƙare,
sai dai gobe.