Notin da Ya Rage

Asabar ce a Jega.
Ban je kasuwa ba, ban leƙa fadamar albasa ba,
na shimfiɗa buhun taki a gindin dalbejiya,
na kwanta rigingine ƙarƙashin Fijo
kamar mai roƙon gafara wurin ƙarfe.

Ta girmi aurena da shekara goma.
Tun Talata take tari,
salansa na kuka irin na jakin da aka hana dusa,
har Malam Barmo ya leƙo ta katanga:
"Wagga mota taka, ko ka kai ta ga Gado,
ko ka kai ta ga masu awon ƙarfe."
Gado kuwa, da ya ɗaga murfin inji,
kuɗin makarantar yara ke riga mai zubewa.

Na ce, Kubura, zo riƙe mini tocila.
Shekararta tara, giɓi biyu a baki,
ta san sifana mai lamba goma sha uku
fiye da yadda ta san bakwai sau takwas.
"Baba, wannan?" A'a, ƙanwarta.
"Wannan?" Yauwa.

Fulogi huɗu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
na wanke su da fetur a murfin kwalba
da burushin da ya gama aikin haƙorana.
Na hura kafireta da baki
har na ɗanɗani man da na karɓo bashi.
Hujin salansa kuwa, gwangwanin madara ya ishe shi:
na farke, na naɗe, na ɗaure tamau.
Noti ɗaya ya ƙi,
na lallashe shi da baƙin mai, na zage shi,
ya saki, ya tafi da fatar yatsana.

Can ciki, bayan lagireto,
inda hannu ba ya kai sai da haƙuri,
hasken tocila ya faɗa kan wata waya,
tsatsa ta ci ta, amma tana riƙe da tiyo.
Murɗinta ya koma hagu.
Duk Jega mutum ɗaya na sani mai murɗa waya hagu,
shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai shi makwanci.

Na daɗe ban motsa ba.
Kubura ta ce, "Baba, hannuna ya gaji."
Haka na faɗa masa, a gindin wannan itace,
ya ce mini, sauya hannu, kada ka sauya haske.
Na faɗa mata. Ta sauya hannu.
Wayar ban taɓa ta ba,
na dai ɗaura sabuwa kusa da ita, tawa ta dama.

Kafin la'asar na ƙara mata abin da masu ƙira suka manta:
ƙugiyar rataye ledar kifi in mun dawo daga Yauri,
da makunnin hon da na ciro jikin matacciyar rediyo.

Na murɗa makulli. Shiru.
Na sake. Ta yi atishawa.
Yaran unguwa suka turo mu har bakin kwalta,
na saki kuloci a giya ta biyu,
ta girgiza, ta tofar da hayaƙi, ta ɗauka.
Malam Barmo ya yi kamar bai ji ba.

A kan buhun taki, noti ɗaya ya rage.
Kullum haka ne.
Na zagaya ta sau biyu, ban ga gurbinsa ba.
Kubura ta jefa shi gwangwaninta, ta girgiza, ta ƙirga:
goma sha huɗu.
"Baba, in duk suka fito,
me zai riƙe ta?"

Na goge hannu a tsumma,
baƙin bai fita ba, ba ya fita sai Laraba.
Na ce, kawo filaya,
zo in nuna miki yadda ake murɗa waya.
Ta miƙo hannu ta karɓa.
Na hagu.